WASAN INUWA DA WASAN ƳAN TSANA A ƘASAR SIN

1. Ƙasar Sin da wasanta

Ƙasar Sin tana can gabashin nahiyar Asiya, nesa ƙwarai da Nijar. Babban birninta shi ne Bejin, wanda Faransawa ke kira Pekin. Mutanenta su ne Sinawa, amma a Nijar an fi saninsu da Shinuwa. Yawansu ya wuce miliyan 1400.

Tun kafin a ƙago silima da talabijin, Sinawa suna da hanyarsu ta kallon labari da dare. Akan kafa farin ƙyalle a dandalin gari, a kunna fitila a bayansa. Idan duhu ya yi, sai waɗansu ƴan ƙananan mutane su bayyana bisa ƙyallen. Su yi tafiya, su gaisa, su hau dawaki, su gwabza yaƙi. Waɗannan mutane da fata aka yi su. Masu motsa su suna ɓoye a bayan ƙyallen, su ne kuma ke ara musu murya. Sinawa suna kiran wannan wasa "piyin shi", wato wasan inuwar fata.

Wasan inuwa yana da ɗan'uwa, shi ne wasan ƴan tsana na itace. Su waɗannan a fili ake ganinsu, sanye da tufafinsu. A ƙasar Hausa ma an san irinsu: su ne ɗiyan dabo, waɗanda mai wasa kan ɓuya cikin babbar riga, ya ɗaga su sama suna magana.

2. Mafarin wasan

Sinawa suna ba da labarin wani babban sarki mai suna Wudi, na gidan sarautar Han. Ya hau gado a shekara ta 141 kafin haihuwar Annabi Isa, ya rasu a shekara ta 87. Yana da wata mata mai suna Li, wadda yake ƙauna ƙwarai. Tana cikin ƙuruciyarta ta kwanta ciwo, ta rasu. Sarki ya kasa mantawa da ita.

Ana nan, sai wani boka mai suna Shawon ya ce zai iya nuna masa ita. Da dare ya yi, boka ya kafa labule, ya kunna fitilu, ya zaunar da sarki daga nesa. Sarki ya hangi wata mace a bayan labule mai kama da Li. Ta zauna, ta tashi, ta yi tafiya. Amma ba a bar shi ya matsa kusa da ita ba, sai begensa ya ƙaru.

An rubuta wannan labari a cikin tsohon littafin tarihin gidan Han. Mutanen baya suka ce nan ne wasan inuwa ya samo asali. Masana tarihi kuwa ba su yarda da haka ba, don littafin bai ambaci mutumin fata ba ko kaɗan.

Shaida tabbatacciya ta zo ne daga zamanin gidan sarautar Sung, wanda ya yi mulki daga shekara ta 960 zuwa ta 1279. A lokacin, birnin Kaifan yana da unguwannin wasa, inda mutane kan biya kuɗi su yi kallo. Marubutan zamanin sun ce da fari da farar takarda ake yanka mutanen inuwa, daga baya aka koma ga fata mai launi. Sun ce kuma da daren bikin fitilu akan kafa ƴan rumfunan wasan inuwa a bakin lunguna. Yaron da ya ɓace wa iyayensa cikin taro yakan tsaya nan yana kallo, har a zo a same shi.

Wani marubuci ya ba da labarin ɗan wani attajiri a Kaifan mai son wasan nan. Duk lokacin da aka kawo wurin da za a sare kan jarumi Guwan Yu, sai ya fashe da kuka. Yakan roƙi mai wasa ya ɗan dakata tukuna. Ya san sarai fata ce, amma gwanintar mai wasa takan mantar da shi.

3. Yadda ake yin mutumin fata

Aikin yana farawa daga zaɓen fata. A lardin Shansi, wanda babban birninsa shi ne Shiyan, ƙirgin sa ake so. A wajen Tanshan, cikin lardin Hebe, fatar jaki ake so, har mutanen wurin suna kiran wasan "inuwar fatar jaki".

Wannan fata ba a jeme ta irin jimar da majema ke yi da bagaruwa don ta yi laushi. So ake ta bushe da ƙarfi kamar fatar ganga. Akan jiƙa ta cikin ruwa kwanaki. Sannan a kankare gashin, a juya a kankare naman. A yi ta kankara a hankali har ta yi fele-fele, hasken fitila ya iya ratsa ta. Daga nan sai a ɗaure ta tam bisa katako, a shanya ta a inuwa.

Idan ta bushe, mai yanka ya raba ta kashi-kashi. Inda ya fi sirantaka ya dace da kai da ƙirji. Inda ya fi kauri ya dace da ƙafafu, don nauyin ya ja mutumin ƙasa, ya tsaya sosai. Sai ya ɗora fatar bisa zane, ya bi layin da tsinin allura.

Yanka shi ne babban aiki. Mai yanka yana da wuƙaƙe iri-iri: masu faɗi, masu tsini, masu baki kamar jinjirin wata. Gwanayen Shansi suna da wata dabara tasu. Sukan riƙe wuƙa tsaye da hannun dama, ba ta motsi. Fatar ce suke turawa da yatsun hagu, tana juyawa a bakin wuƙa. Almajiri yakan daɗe yana horar da yatsunsa kafin ya iya wannan. Da haka suke fitar da furannin riga, da sulken mayaƙi, da gashin gemu sili-sili. Akan ce mutum ɗaya mai ado da yawa yana iya cin yanka 3000. Wuƙa ta kuskure sau ɗaya, aikin kwanaki ya lalace.

Bayan yanka sai launi: ja, kore, rawaya da baƙi. Fari kuwa launin fatar ne da kanta. Akan shafa launin ciki da baya. Sannan a danne fatar da abu mai ɗumi, ruwan jikinta ya fita, launin ya kama, ta miƙe ba lanƙwasa. A waɗansu wurare akan ƙara shafa mata mai don ta yi sheƙi.

Yawanci mutumin fata gaɓa 11 gare shi: kai 1, ƙirji 1, ciki 1, ƙafa 2, damtse 2, sangalin hannu 2, tafin hannu 2. Akan huda su a ɗaure da zare. Wurin hudar nan yana da muhimmanci. Idan an huda daidai, mutumin ya tsaya da kuzari. Idan an kauce, sai ya rusuna kamar majinyaci. A ƙarshe a sa masa sanduna 3, ɗaya a wuya, biyu a hannuwa. Tsawon mutanen fata na Shansi kamar santimetir 30 ne.

Kai kuwa ba a ɗinke shi da jiki. Cusa shi ake yi a wuyan riga, a cire in an so. Saboda haka jiki ɗaya yana iya ɗaukar kawuna da yawa, ya zama mutane dabam-dabam. Idan an tashi daga wasa, akan ajiye kawuna dabam, jikuna dabam. Mutanen da sun camfa cewa idan aka bar su haɗe, za su tashi cikin dare su yi yawo.

Fuska daga gefe ake yanka ta, ido ɗaya ake gani. Ƴan kallo suna gane halin mutum tun bai buɗe baki ba. Saurayi mai ilimi da budurwa mai kunya akan huda fuskarsu, a bar layin goshi da hanci da baki kaɗai, haske ya cika ta. Jar fuska alamar amana ce da jaruntaka, irin ta Guwan Yu. Baƙar fuska ta mai zafin zuciya ce wanda ba ya munafunci. Fuskar da aka cika da fari ta mayaudari ce.

4. A bayan ƙyalle

A gundumar Huwa ta lardin Shansi, mutum 5 sun isa ƙungiyar wasa. Na farko shi ne mawaƙi. Shi kaɗai yake muryar sarki da ta baiwa, da ta tsoho da ta yarinya, yana kaɗa wani abin kiɗa mai kama da garaya, mai kewayayyen ciki. Na biyu shi ke riƙe sanduna. Yana iya motsa mutum da yawa a lokaci guda, sanduna na tsakanin yatsunsa. Sauran ukun makaɗa ne. Suna da abin kiɗa irin goge, da abin busa irin algaita, da wani ɗan ƙoƙon tagulla da ake bugawa da ƙarfe. Ɗaya cikinsu shi ke haɗa kawuna da jikuna, yana miƙa wa mai sanduna. Kowa hannunsa cike yake da aiki, shi ya sa ake yi musu laƙabi da "biyar marasa hutu".

A Tanshan kuwa, mawaƙi yakan matse maƙogwaronsa da yatsu don muryarsa ta fito siririya.

Fitila tana rataye tsakanin mai sanduna da ƙyalle, sama da kansa. Da, fitilar mai ce, irin aci-balbal. Harshen wutarta yana rawa, inuwa ma tana rawa, sai ka ce mutanen suna numfashi. Yanzu yawanci wutar lantarki ake sawa.

Mai sanduna ya san halin haske. Idan ya manna mutumin fata da ƙyalle, yakan fito tangaran da dukkan launinsa. Idan ya ja shi baya wajen fitila, inuwar ta yi girma, ta dushe. Da wannan dabara yake sa aljani ya kumbura ko ya ɓace.

5. Ƴan tsanan itace

Su ma ƴan tsanan itace tsofaffi ne. A lardin Shandon an tono wani mutum-mutumi na itace daga kabarin zamanin Han. Tsawonsa santimetir 193, gaɓoɓinsa suna lanƙwashewa kamar na mutum. Da fari wajen makoki ake wasa da ƴan tsana, daga baya aka kai su wajen shagali. Iri uku aka fi sani.

Na ɗaya, masu zare. Birnin Cuwanjo, a lardin Fujiyan na bakin teku, shi ya fi suna a kansu. Mai wasa yana tsaye daga sama, ƴar tsana tana rataye ƙasa. Zaren jikinta yakan kai 16, wata ma ya wuce 30. Gwani yakan sa ta ɗauki buta ta zuba ruwa, ko ta riƙe alƙalami ta yi rubutu. Da itacen kafur ake sassaƙa kanta. Wani masassaƙin birnin mai suna Jiyan Jiyazo, wanda ya rayu daga 1871 zuwa 1954, ya sassaƙa fuska fiye da iri 280. A shekara ta 2008 an nuna ƴan tsanan Cuwanjo a bikin buɗe wasannin Olimpik na Bejin.

Na biyu, masu shiga hannu. Jikinsu ɗan buhun ƙyalle ne, tsawonsu kamar santimetir 30. Mai wasa ya sa manuni cikin kai, babban yatsa cikin hannu ɗaya, sauran yatsu uku cikin ɗayan. Birnin Janjo, shi ma a Fujiyan, ya shahara da su. Daga wannan lardi ne wasan ya ƙetara teku zuwa tsibirin Taiwan.

Na uku, masu sanda. Mai wasa yana ƙasa, ya ɗaga ƴar tsana bisa sanda sama da kansa. A arewacin lardin Sicuwan akwai waɗanda suka kusa kai girman mutum.

Akwai kuma mai wasa shi kaɗai, wanda kan rataya kayansa duka bisa sanda a kafaɗa, yana bin ƙauyuka. Inda ya sami jama'a sai ya kafa ƴar rumfarsa, ya shige cikin ƙyalle. Hannuwansa suna wasa, bakinsa yana waƙa, ƙafafunsa suna kiɗa. Shi ne ya fi kama da mai ɗiyan dabo.

6. Labaran da ake nunawa

Akan kira masu wasa wajen aure, da makoki, da bikin gidajen ibada, da bayan girbi. A waɗansu ƙauyuka, in fari ya yi tsanani, akan yi wasan don roƙon ruwa.

Manya sun fi son labaran yaƙe-yaƙen Masarautu Uku, inda Guwan Yu yake. Yara kuwa gwaninsu shi ne Sun Wukon, sarkin birai, mai rikiɗa iri 72. Shi ne ya raka wani malamin addinin Buda zuwa Indiya neman littattafai. Birin ƙage ne, amma malamin ya rayu da gaske. Sunansa Shuwanzan, ya komo gida daga Indiya a shekara ta 645.

Manoma da yawa a wancan zamani ba su iya karatu ba. A gaban farin ƙyallen nan suka san tarihin ƙasarsu, suka ga ƙarshen mai amana da ƙarshen maci amana.

Sunan wasan ya kai har Turai. A ƙarni na 18 aka soma wasan inuwa a Faransa, Faransawa suka sa masa suna "ombres chinoises", wato inuwoyin Sin.

7. Wahalar da wasan ya sha

Daga 1796 zuwa 1804 an yi babban tawaye a ƙasar Sin. Hukuma ta tsorata da taron dare. Aka zargi masu wasan inuwa da cewa suna iya tayar da mayaƙan takarda da tsafi. Aka hana wasan a waɗansu wurare, aka kama masu yinsa.

Daga 1966 zuwa 1976, lokacin da ake kira Juyin Al'adu, aka hana tsofaffin wasanni. An ƙone akwatuna da yawa cike da mutanen fata da ƴan tsana, waɗansu aikin kakanni ne. Waɗansu masu wasa suka ɓoye nasu, ko da yake sun san akwai hatsari. Da aka ɗage hanin, suka fito da su, suka ci gaba.

Sai kuma wata matsala ta zo. Talabijin ya shiga ƙauyuka. Samari suka tafi birane neman aiki. Ƴan kallo suka ragu, almajirai suka ragu. Tsofaffin mawaƙa da yawa sun haddace wasanni masu yawa a ka, waɗansu ba a taɓa rubuta su ba. Akwatin fata ana iya ajiye shi a gidan tarihi. Amma dabarar yatsu da waƙar da ke cikin kai, sai an koya wa wani. Duk tsohon da ya rasu bai bar almajiri ba, ya tafi da nasa.

A shekara ta 2006 gwamnatin Sin ta sa wasan inuwa da wasan ƴan tsana cikin al'adun da za ta kiyaye. A 2011 hukumar Unesko ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta rubuta wasan inuwar Sin cikin gadon al'adun ƴan Adam. A 2012 kuma ta zaɓi shirin lardin Fujiyan na horar da sababbin masu wasan ƴan tsana ya zama abin koyi. A cikin shirin nan, gwanaye suna shiga makarantu suna nuna wa yara, ana kuma rubuta littattafan koyarwa.

MA'ANAR KALMOMI

ƙirgi: fatar sa ko ta saniya wadda ba a jeme ba.
majema: masu sana'ar jima.
fele-fele: marar kauri ko kaɗan.
lardi: babban yanki na ƙasa, mai shugabansa.
camfi: abin da mutane suka yarda da shi ba tare da hujja ba.
manuni: yatsan da ke bin babban yatsa.
gidan sarauta: zuriyar da ke gadon mulki.

TAMBAYOYI

1. Me boka Shawon ya yi wa sarki Wudi? Don me masana tarihi ba su ɗauki wannan labari mafarin wasan inuwa ba?
2. Mene ne amfanin rumfunan wasa na bakin lungu a birnin Kaifan?
3. Ku jera ayyukan da ake yi wa fata, tun daga jiƙo har zuwa sa sanduna.
4. Don me ake yin ƙafafu da fata mai kauri?
5. Yaya ƴan kallo suke gane mai amana da mayaudari?
6. Ku faɗi ƴan tsanan itace iri uku, da yadda ake motsa kowace.
7. Me ake nufi da karin maganar nan: "Kowa ya bar gida, gida ya bar shi"? Ina ya shafi wannan darasi?

LISSAFI

1. Shekara nawa gidan sarautar Sung ya yi yana mulki?
2. Mai yanka zai yi mutanen fata 14. Gaɓa nawa zai yanka? Sanda nawa zai tanada?

AIKIN HANNU

Ku kasu ƙungiya-ƙungiya, mutum biyar-biyar. Kowace ƙungiya ta samo kwali, da almakashi, da zare, da allura, da tsinkayen kara. Ku zana gizo da ƙoƙi, ko kura da zomo, daga gefe. Ku yanka gaɓoɓin dabam-dabam, ku ɗaure su da zare, ku sa tsinke ɗaya a wuya, sauran a hannuwa. Ku rufe tagogin aji, ku rataya farin zane, ku kunna fitila a bayansa, nesa da zanen don gudun gobara. Ku matso da abin da kuka yanka kusa da zane, ku kuma ja shi baya. Ku rubuta abin da kuka gani. Sannan kowace ƙungiya ta nuna tatsuniya ɗaya.

BINCIKE

Ku tambayi tsofaffin garinku ko sun taɓa ganin ɗiyan dabo. A ina suka gani? Me ɗiyan suke faɗi? Akwai mai yin wasan har yanzu? Wa ya koya masa, wa kuma yake koya wa? Ku kawo amsoshin a aji.